Na'urar da Ke Tambaya Ko Ina Nan

A shekarar da aka cire tallafin man fetur na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfura a gemuna. Da safe ina aikin kafinta a unguwar Fadaman Mada, bayan la'asar in ɗauki allo da fensir. Burina bai wuce in ci jarrabawar ƙarshen shekara in wuce aji biyu ba.

Malamarmu tana da ƙane a Gwallameji, muna ce masa Injiniya. Shi ya kawo mana tsofaffin kwamfutoci da wata manhajar karatu da ya ƙirƙira. Ya ce rashin natsuwa ne ciwon zamani, don haka ya toshe komai a ciki: ba waƙa, ba bidiyo, ba hira. Muka yi godiya, ko da yake a cikinmu babu wanda ya san hanyar zuwa bidiyon.

Sai dai ya sa mata wata dabara. In ka jima ba ka taɓa komai ba, sai ta ɗauka hankalinka ya tafi, ta rufe shafin da wani dogon rubutu. Ni kuwa nakan daɗe a kan kalma ɗaya kamar mai goge katako. Ina dab da cin ƙarfinta sai rubutun ya faɗo. Kafin in haɗa baƙaƙensa lokacin amsa ya wuce, ta mai da ni farkon shafi. Sai da aka kwana biyu na iya karanta shi duka: "Kana nan kuwa? Natsuwa ce mabuɗin ilimi. Danna nan."

Abokin zamana wani dattijo ne mai gadin coci, mutumin Tafawa Ɓalewa. Ya ce, "Kafinta, tunda nake gadi ba a taɓa tsare ni da tambaya haka ba. Ka ce mata ina nan, ban mutu ba!"

Daga baya ya gano maganinta. Ya daina karatun, yana ta danna madanni kawai, yana gyangyaɗi. Manhaja ta ba shi tauraro, ta ce duk ajin ya fi kowa natsuwa.

Da Injiniya ya zo dubawa na ce, "Ranka ya daɗe, abin nan yana katse ni."

Ya ce, "Baba, ai alamar ba ka natsu ba ke nan. Ni da na gwada, ko sau ɗaya saƙon bai fito mini ba."

Na ce, "To Allah ya ba mu irin natsuwarka."

Ya yi alkawarin gyara, kuma ya cika. Tunda saƙon yana ba mu wuya, ya haɗa masa da ƙararrawa.

A kwamfutar muka yi jarrabawa. Labarin wata mata ne aka ba mu mu karanta, wadda za ta tafi ƙauyen Inkil saro gyaɗa. Ɗaki ya ɗauki ƙara kamar tashar keke. Duk sanda na rako matar nan bakin titi sai ƙararrawa ta buga, mu koma gida mu sake fitowa. Har Malama ta ce lokaci ya yi ba mu sami abin hawa ba.

Abin da na rasa uku ne: shekara guda, da abokin zamana wanda danne-dannensa suka kai shi aji biyu, da ƙarshen labarin matar.