Gaisuwar Halliru Mai Albasa

Halliru mai albasa maƙwabcina ne a ƙauyenmu, can bayan Rimawa. Katanga guda ta raba mu, kuma wallahi na sha zaginai a zuci saboda rediyo. Mutum ya wuni cikin fadama shina ban-ruwa, ya dawo bai ko wanke ƙahwa ba, sai ya kunna akwatin nan har kunnenka ya yi tsami.

Tun shina saurayi yake da ciwon gaishe-gaishe. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya buga waya gidan rediyo a birni, ya gaida liman, ya gaida mahauta, ya gaida masu dukan bulo, har Mode kurma da ba ya jin komi. Kullum da abu guda yake ruhewa: "Sai ɗana Musaddiq, sarkin ban-ruwa." Mukan ce mai, "Halliru, yaron da kuke cin tuwo kwano guda, mi na gaishe shi ta birni?" Shi ko dariya kawai.

Shekarar da ɓarayin daji sunka matsa muna, gwamnati ta kashe layukan waya na yankinmu duka, wai don a toshe ma ɓarayi kunne. Mu anka toshe ma baki. Hanya ta zama sai da rakiya. Maza da yawa sun kai iyalinsu Wurno gudun hijira, Halliru ma ya kai matatai Salima wurin ƙanenta. Musaddiq ya ƙi tahiya, yac ce albasa ba ta jiran kowa.

Halliru ya gano wani tudu inda waya ke kama sabis kaɗan. Can yake hawa ran Juma'a. Karon hwarko da yac ce, "Jiya an shigo muna, an kashe...", ƙit, masu rediyo sunka yanke. Ashe umurni ya zo daga sama: duk wanda ya taɓo zancen hari, a katse shi. A labarai kuwa kullum yankinmu lahiya lau. Mu muna gina kabari, rediyo na cewa lahiya lau!

To, gaisuwa dai ba a hana ba. Halliru ya ci gaba da gaida mutanen gari gida-gida, daga gabas zuwa yamma, yadda ya saba. Wanda anka kashe sai ya tsallake shi. Ba da daɗewa ba mutanenmu na Wurno sunka gane. Ran Juma'a mata sukan kewaye rediyo guda, kowace ta riƙe numfashi har a wuce ƙohwar gidanta. Mairo matar mahauci haka ta san ta shiga takaba.

Sai wata Laraba ɓarayi sunka tarar da Musaddiq bakin injin ban-ruwa. Ni na ɗauko gawatai, da hannuna.

Ran Juma'a na ce, "Halliru, bari wagga ta wuce. Ka jira a buɗe hanya ka gaya ma Salima da bakinka."

Yac ce, "In ban kira ba, duk matan can za su ɗauka an gama da gari."

Na raka shi tudun. Ya gaida liman, ya gaida masu bulo, ya gaida Mode kurma. Muryatai ba ta ko rawa ba. Ya kai ƙarshe, yac ce, "Shi ke nan, na gode."

Mai gabatarwa ya san shi shekara da shekaru. Ya yi dariya yac ce, "Haba Baba Halliru, yau ka manta sarkin ban-ruwa!"

Halliru ya kalli fadama, yac ce:

"Ban manta ba, ɗana."

Ƙit, sunka yanke, sunka sa kiɗa. Ƙanen Salima ya gaya min daga baya, kiɗan na tashi ita tana riƙe da rediyon, tana girgiza shi.