Fitilun da Inna Ta So Gani

Ni dai har gobe, da sanyi ya shigo aka ba da hutun ƙarshen shekara, sai raina ya ɓaci. Yara na tsalle, malamai 'yan'uwana na ɗaure kayan tafiya, ni kuwa ji nake kamar in tari wani da faɗa. A firamaren da nake koyarwa nan Dutsin-Ma kowa ya san ba a tambayata inda za ni hutu. Dalilin kuwa Inna ce, mahaifiyarmu, da wata tafiya kasuwa da muka ɓata shekara guda muna ja-in-ja a kanta.

Mu mutanen Rawayau ne. Babanmu, Allah ya jiƙansa, fataucin kaji da zabi ya yi. Da an gama girbi sai ya bi kasuwar Kurfi da ta ƙauyuka yana tara su a keji, Kirsimeti na matsowa ya loda a mota sai Kaduna, don a lokacin ne zabo ke da daraja. A wata irin wannan tafiya ya ɗauki Inna ta gaida gwaggonsa da ke aure can. Tana yarinya ɗanya, da cikin fari. Bayan magariba ya bi da ita ta kasuwa, ta ga an zagaye rumfuna da wasu 'yan fitilu ƙanana kamar 'ya'yan kanya, ja da kore da ruwan ɗorawa, suna mutuwa suna kamawa. Yarinyar da ba ta san komai ba sai aci-balbal! Ta ce tsayawa ta yi baki buɗe har Baba ya ja mata gyale.

Labarin nan mun sha shi, mu mata, wajen ɓarar gyaɗa da wajen tankaɗe. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ba da shi ba idan Yaya Malam na cikin gida, don shi ne cikin da take ɗauke da shi a wannan tafiya. Ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta tambayarsa ko allura. “Wancan” take ce masa. In tana son abu a wurinsa sai ta faɗa wa ɗayanmu, mu kai.

Da zaman ƙauye ya gagara, ana kwana da takalmi a ƙafa, Yaya Malam ya kwaso ta ya dawo da ita gidansa nan Dutsin-Ma, inda yake da makarantar Islamiyya a zaure. Ni ina aure a unguwar gaba, kullum in na tashi daga aiki sai na biya. A nan na fara lura tana tuntuɓe da buta, in na miƙa mata kofi sai ta kai hannu gefe. Na kai ta asibiti Katsina. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa jinkirta sauran kawai zai yi. Ya faɗa a hankali, amma ni na ji abin da yake nufi sarai.

A hanyar dawowa, mun wuce Kurfi rana ta faɗi, motoci sun fara kunna fitila, sai ta taɓa ni ta ce, “Ke ɗiyar nan, mutane ban ganinsu sai inuwa-inuwa. Amma fitilar mota ina ganinta tar.” Can ta ƙara da cewa, “Ko har yanzu suna kunna waɗancan na kasuwa?” Inna ba ta taɓa roƙona komai ba, wannan ma ba ta ce roƙo ne ba. Ni dai a cikin motar nan na ƙudura sai ta sake ganinsu kafin idon ya rufe.

Ina da abokiyar aiki 'yar Kafanchan, ita na tara a ofishin malamai. Wayyo, kamar jira take! Ta jawo waya ta yi ta nuna mini kasuwanni. Ga Jos, ta ce can ne ake ado na gani na faɗa, amma da nisa, ga sanyin da gwiwar Inna ba za ta ɗauka ba. Ga Abuja, inda autanmu ke ɗinki. Shi da na kira shi har rantsuwa yake a kawo ta, sai dai fitilun can a manyan kantuna suke masu gilashi, Inna kuwa kasuwa take so, mai rumfa da hayaniya da warin kaji. Kaduna ita ce ta asali, ita zuciyata ta fi so, amma da na ambaci hanyar sai mai gidana ya dube ni ya ce ko na gaji da uwata ne. Saura Kano. Abokiyar tawa ta ce a Sabon Gari akwai layin da ake sayar da fitilun kansu, masu shago kan kunna su duka don jan masu saye, ga shi mu kuma muna da 'yar'uwa a Fagge da za mu sauka wurinta. Na ce shi ke nan, Kano.

Zaɓen kasuwa ashe shi ne mai sauƙin. Inna a gidan Yaya Malam take, ba mai fita da ita ko nan da tasha sai da izininsa. Kada a ɗauka mugu ne. Mutum ne mai sanyi, mai tsoron Allah, wanda ko da wasa ba ya ƙarya. In yaro ya tambaye shi ko allura da zafi, cewa yake da zafi. Na same shi a zaure bayan ɗalibai sun tashi, na durƙusa na zayyana masa komai.

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Yanzu ke ba ki tunanin abin da za a ce? Malam ya ɗauki tsohuwa ya kai ta kallon Kirsimeti?”

Na ce, “Haba Yaya Malam! Da zabin Kirsimeti Baba ya ciyar da kai har ka yi karatun. Ba coci za mu ba, kasuwa za mu.”

Bai ji haushi ba, ya saba da bakina. Ya ce, “To, ga hanya, ga tsufa. Ban ɗaukar alhakin wahalar da ita kan abin da ke kike so. Amma in Inna ta faɗa mini da bakinta tana so, wallahi ni zan tuƙa ta.”

Na ce, “Ka san ba za ta faɗa ba!”

Ya ce, “In tana so za ta faɗa.”

Kai, maza! Shekara nawa yana gaban matar nan, bai taɓa jin ta ce masa ko ba ni ruwa ba, amma wai za ta faɗa. Muka shiga tare. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ya ce, “Inna, an ce kina son a kai ki Kano ki ga fitilu.” Na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, “Ni? Wa ya ce? Mi zan yi da fitila ni tsofai-tsofai da ni? Surutun yarinyar nan ne.” Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya dube ni ya ce, “Kin dai ji.”

Da ya fita na yi ta masifa, har da kuka. Na ce, “Inna, kin kashe mu! Kalma ɗaya fa!” Ta lalubo hannuna ta ce, “Ke ba ki da kunya ne? Ta yaya zan buɗe baki in ce wa wancan ya kai ni yawo? Ki bari, wata shekara.” Na koma wurinsa washegari, na aika matarsa, na sa auta ya kira shi. Amsarsa ɗaya, ya tambaye ta, ta ce ba ta so, shi kuma ba zai mai da uwarsa maƙaryaciya ba. Haka hutun ya ƙare muna nan.

Da aka koma makaranta abokiyar aikina ta kawo mini tsaraba daga gida, igiyar fitilun nan guda, mai aiki da batir. Na kai wa Inna, na sakaya ƙofa na kunna mata a kan cinya. Allah sarki! Dariya ta yi kamar yarinya. Ta riƙa nunawa da yatsa, ga ja, ga kore, wannan ya mutu, ga shi ya dawo. Duk daidai ta faɗa, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, don na tabbata da mun je Kano a hutun nan da ta gani. Ta ce sun yi kyau, amma na kasuwa sun fi yawa. Tana jin tarin Yaya Malam a tsakar gida ta tura su ƙarƙashin katifa.

Bazara ta wuce, damina ta sauka. Ina ɗiga mata magani safe da yamma, idon yana ta tafiya abinsa. Ta fara ce wa kore ja. Daga baya ta daina faɗin launi, sai dai ta ɗaga igiyar ta kai dab da fuska. In na tambaye ta sai ta ce, “Ina gani mana,” ta kawo wata hira.

A haka Yaya Malam ya same ta wata rana da la'asar. Matarsa ce ta ba ni labari. Ya zo gaisuwa, ruwa na zuba a kan kwano, ba ta ji tarinsa ba. Ya tarar da ita zaune a bakin gado ta manna fitilun a idonta suna ƙyaftawa. Ya daɗe a tsaye yana kallonta, sannan ya juya ya fita. Ranar ko tuwo bai ci ba. Sanyi na shigowa sai ga shi a ƙofar gidana da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ce, “Ki zaɓi kasuwar.” Na so in gaya masa maganganu, suna nan cike da bakina, amma da na dubi fuskarsa sai na ce, “Kano.”

Wannan karon bai tambaye ta ba. Ya aro mota, ya sa matarsa ta ce mata ta shirya. Inna ta sa farin mayafinta na zuwa suna, ta zauna a baya kusa da ni, tana ta mita a hankali wai mun ɗora wa wancan wahala. Amma tun daga Kankiya take tambayata ko mun kusa.

Mun isa Kano da rana, muka huta a Fagge. Bayan mun yi magariba muka shiga Sabon Gari da ƙafa, ni riƙe da ita, shi a gaba yana buɗa mana hanya. Cunkoso, kiɗa, ƙarar janareta ta ko'ina. Muka bi ta wajen masu kaji, ta tsaya cak ta ja numfashi ta ce, “Akwai zabi nan.” Na ce akwai, keji-keji. Ta ce, “Allah ya jiƙan mai zabi.” Muka karya kwana sai ga layin. Wallahi abokiyar aikina ba ta yi ƙari ba. Tun daga rufin shaguna har ƙasa fitilu ne, an naɗe su a bishiyoyin roba, an rataya su a ƙetaren hanya, har fuskokin mutane sun koma ja da kore. Ni kaina sai da na buɗe baki.

Na ce, “Inna, mun iso. Ga su nan.”

Ta saki hannuna. Ta ɗan karkata kai tana saurare, sannan ta juya wajen da janareta ya fi ƙara. Wani shago ne a rufe, ƙofar ƙarfe baƙa, ko kwan lantarki babu a kansa. Ta tsaya a gabansa ta ɗaga kai, ta tafa hannu. “Masha Allah! Kai, kai, kai! Ga ja, ga kore, ga ruwan ɗorawa. Ai sun fi na Kaduna yawa.” Fitilun duk suna bayanta, haskensu na wasa a kan farin mayafin.

Na kai hannu zan juyo ta, Yaya Malam ya riƙe mini gefen hijabi ya girgiza kai. Na gane. In na juya ta, ta san mun sani. Ya taka a hankali ya tsaya a gefenta, ya ba fitilun baya shi ma, ya fuskanci ƙofar ƙarfen. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba ya ce, “Ƙwarai kuwa, Inna. Sun yi kyau.” Muryarsa ta karye a ƙarshe, sai ya yi kamar tari ne.

Ta lalubo ni ta jawo ni kusa, ta raɗa mini, “Ki ce wa wancan Allah ya yi masa albarka, na gani.” Na faɗa masa, ko da yake ya ji. Muka tsaya mu uku a gaban rufaffen shago, masu wucewa na ture mu suna kallonmu, har sai da ta ce idonta ya gaji da haske, mu tafi.