Ƙusa Arba'in da Ɗaya

Ni ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni ido, kuma abin da na gani ba ya ɓace mini. Tagar kicin ɗina a unguwar Edmonton ta London tana kallon gadin, wato ɗan filin nan da Turawa ke bari a baya. Shekara goma sha ɗaya na yi a gaban tagar nan ina wanke-wanke, ina kallo.

Gidan na kansil ne da farko, wato ƙaramar hukuma, daga baya aka ce ɗan haya zai iya saye, Malam ya saya. Malam shi ne maigidana. Karatu ya kawo shi London, karatun ya ƙare shi bai koma ba, ya kama aikin duba tikiti a tashar jirgin ƙasa, ya aika aka kawo ni.

A ƙarshen gadin akwai wata bishiya da muka tarar, ta girme mu duka. Turawa na ce mata wolnot. 'Ya'yanta kore ne kamar lemun tsami, a ciki akwai ƙwallo, a cikin ƙwallon akwai abin ci mai maiƙo. Ɓawon koren nan in ya taɓa hannu sai ya yi baƙi ƙirin, ya fi lalle kamu. Da shi nake yi wa ƙafata ado, matan unguwa ma suna zuwa ɗiba. A ƙasar da kowa ke kulle cikin ɗaki kamar kaza a akurki, gindin bishiyar nan shi ne tsakar gidana. Nan nake shanya, nan nake tsince shinkafa, nan ake yi mini kitso in rana ta ga dama ta fito. Cibiyar autata ma da ta faɗi, nan na haƙa na binne ta.

Malam kuwa rigima yake da bishiyar. Da bazara zai ga 'ya'ya sun cika ta, ya yi murna. Kafin su nuna sai ya ɗaga kai ya ga wayam. Ya ce ɓari take yi. A garinsu, in mangwaro na zubar da 'ya'ya, ƙusa ake kafa masa a jiki ya shiga taitayinsa. Sai ya sayo manyan ƙusoshi, irin na rufin kwano, ya ɗauko guduma.

Na ce, “Malam, ba ɓari take ba. Kurege ne.”

Ya ce, “Wane kurege a London? Ke me kika sani game da itace?”

Shi da asuba yake fita, sai magariba ya dawo. Kuregun kuwa da hantsi suke zuwa, furfura-furfura da su, ƙosassu kamar 'yan kasuwa. Su ɓare, su kwashe, su bar mini ɓawo. Ni kuma ba na barin shara ta wuni a gidana. To, tunda an ce ban san itace ba, sai na ja bakina na yi shiru. Kowace kaka ya kafa ƙusoshinsa, ni ina taga ina ƙirgawa. Da ya ga na ƙasa ba su yi aiki ba, ya aro tsani ya riƙa hawa sama. Bishiya kuwa ba ta ce komai ba, ta riƙa haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, har ɓawonta ya rufe, ba ka ganin ko kai.

Wanda ya kawo mana fitina wani abokin Malam ne, Alhaji mutumin zangon Kumasi, mai sayar da atamfa da turare a kasuwar Lewisham. Wata Lahadi yana zaune a inuwata, yana cin tuwona, ya ɗaga kai ya ajiye loma.

“Malam, ka san abin da kake zaune ƙarƙashinshi?”

“Inuwa.”

“Kuɗi ne! Wannan katakonshi ake sa wa motocin manya a gaba, wurin direba. Da shi ake yin gindin bindigar sarakunansu. Wani Bature a ƙauye ya sayar da guda ɗaya tak, ya huta har ya mutu.”

Na ce, “Kai ka gan shi?”

Ya ce, “Hajiya, kai dai kawo ƙarin miya.” Mutanen zango haka suke, mace ma kai ce.

A ranar, kuɗin bishiyar tsohuwar mota ne. Ran Juma'a da Malam ya dawo masallaci ta zama sabuwar mota. Juma'ar da ta biyo, mota ce da kujerar Makka. Mutumin da shekara goma sha ɗaya yake dukan bishiya da guduma, sai ga shi da yamma yana shafa ta, yana auna kaurinta da rawaninsa. Har ya fara gaishe da direbobin bas da hannu ɗaya, irin gaisuwar wanda ya kusa rabuwa da su.

Na same shi a falo na ce, “Malam, in an sare ta, ina zan yi shanya?”

“Zan saya miki injin busarwa.”

“Ina zan zauna?”

“Cikin mota.”

“Cibiyar auta fa?”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Yarinyar da ke firamare? Ai cibiyarta na jikinta, na gani tun tana jaririya.”

Ban yi dariya ba. Na koma kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke. Gidan da sunansa yake, bishiyar ma tasa ce, ba ni da ta cewa. Amma na san in aka sare ta, abin da zan gani ta tagar nan har in mutu shi ne bangon maƙwabci da bututun banɗakinsa.

Alhaji ya naɗa kansa dillali. Ya samo lambar wani mai injin tsaga katako a bayan gari, aka sa rana, Asabar bayan azahar, farkon kaka. Malam ya ce ciniki irin wannan ba a yin sa ba shaidu, ya gayyato limamin ɗan masallacinmu da wasu dattawa biyu. Aka ce in yi waina da miyar taushe. Na yi. Fushina daban, girkina daban.

Da safe na ji shi a gaban madubi yana bita. Dabararsa ita ce, duk abin da Bature ya taya, sau uku zai ce albarka kafin ya ko dube shi. “Albarka,” in ji shi da murya ƙasa-ƙasa. Ya gyara hula. “Albarka!” Ya ga wannan ta yi zafi, ya koma ta farko.

Bature ya zo a akori-kura, gajere, jan fuska, takalminsa duk taɓo, ya bi mini ta kan kafet da shi. Malam na cikin babbar riga ta sallah. Shaidu na kan tabarma, kowa da kwanonsa. Mutumin ya zagaya bishiyar sau biyu, ya auna ta da tef, ya ja baya ya dubi miƙewarta, ya yi fito. Ya faɗi kalma uku ko huɗu. Alhaji ya juyo ya fassara wa shaidu, ko da yake duk suna jin Turanci: “Ya ce tunda uwarshi ya haife shi bai ga irinshi ba.”

Sai Bature ya koma mota ya ɗauko wani ƙarfe mai kai kamar faifai. Ya kanga shi a jikin bishiyar. Abin ya tsala ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Fuskarsa ta canza. Ya yi bayani, wannan karon Liman ne ya maimaita da Hausa, shi ba ya ƙari. Wai abin ƙarfe yake nema. Ƙusa ɗaya in zarton injinsa ya ci karo da ita, haƙoran sun tafi, wani lokaci ma guntun ya tashi ya sami mai aiki. Ga shi kuma ƙarfe na baƙanta katakon daga ciki. Shi ya sa, in ji shi, ba su cika son bishiyar gida ba. Ya tambayi Malam ko nawa ne a ciki.

Turancina na kasuwa ne, amma yatsu ba sa bukatar tafinta. Malam ya ɗaga biyu. Ya nuna ƙasa, daidai gwiwa.

Bature ya sosa ƙeya. Ya sa hannu daidai ƙugunsa a jikin bishiyar, alamar in dai a ƙasa ne kawai, sai a yanke daga nan, a bar gindin. Ya fara laluben aljihu yana neman biro. Alhaji ya riga ya fara murza hannu, la'adarsa yake hangowa.

Ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah ne kaɗai ya fito da ni ba. Amma akwai shi a ciki. Tunda aka kawo ni gidan Malam ban taɓa tsinka maganarsa gaban baƙi ba. Na gyara mayafi, na ɗauki muciya, na fito na durƙusa gefen tabarma.

“Allah ya gafarta Liman, ina da tambaya. Mutum ya sayar da kaya ya ɓoye aibinsa, ya halatta?”

Liman na da waina a baki. Ya dubi Malam, ya dubi kwano, ya haɗiye da ƙyar. “Bai halatta ba, Hajiya.”

“Ko ga Bature?”

“Ko ga Bature.”

Malam ya ce, “Ke, koma ciki.”

Na ce, “Yanzu kuwa, Malam. Bari in taya ka tuna, ka san aiki ya yi maka yawa.”

Na tashi na ɗora kan muciya a wani wuri daidai ƙirjina, na dubi Bature. Ya gane. Ya kanga faifansa, abin ya yi ihu.

“Wannan ta shekarar da muka tare.” Na matsa. Ihu. “Wannan ta ranar da ka buge babban yatsa, ka ce ƙofar jirgi ce ta datse ka.” Ihu. “Waɗannan huɗun na igiyar shanyata ne, nawa ne, ban ɓoye ba. Ukun can na lilon yara. Nan kuma ƙugiyar da muke rataye ragon layya in an kawo daga wurin mahauci, ta shige ciki gaba ɗaya.”

Da muciya ta gaza, na ɗauko sandar goge-goge. Bature ya jingina tsaninsa ya hau, ina nunawa daga ƙasa, abin na ihu daga sama. Maƙwabta suka leƙo ta tagogi. Ɗaya daga cikin dattawan ya ajiye kwano yana ƙirgawa da carbi. Ko sau ɗaya ban nuna wurin da abin ya yi shiru ba.

“Arba'in da ɗaya,” in ji dattijon. “Da ƙugiyar.”

“Talatin da uku na magani ne,” na ce.

Bature ya sauko yana share hawayen dariya, ya tambayi maganin me. Liman ya yi masa bayanin mangwaron garinsu Malam, da ɓarin da bishiyar ke yi. Mutumin ya ɗaga yatsa sama kawai. Duk muka bi yatsan. A kan reshe, daidai saman hular Malam, ga wani ƙaton kurege zaune, ya rungume ƙwallo da hannu biyu yana ɓarewa. Ya saki ɓawon, ya faɗo kan kafaɗar babbar riga.

Shekara goma sha ɗaya ina jiran in ce na faɗa maka, da ranar ta zo sai na ga ba sai na faɗa ba.

Bature ya naɗe tef ɗinsa. Ya ce katako dai babu, ko kyauta ba zai kai ta injinsa ba. Amma in muna so a sare a yi makamashi, zai turo masu yi, mu biya su. Ya faɗi abin da za mu biya.

Malam ya tsaya yana kallon baƙin tabon da ke yaɗuwa a rigarsa. Can ya ce, da muryar nan ƙasa-ƙasa da ya zaɓa a gaban madubi, “Albarka.”

Aka nemi Alhaji aka rasa. Ashe tun muna ƙusa ta ashirin ya tuna bai rufe shago da kyau ba. Ya dai tafi da waina a leda, na gan shi.

Kwana tara Malam bai yi mini magana ba. Abinci kam yana ci, har da ƙari, sai dai ya tura kwano gaba maimakon ya ce a ƙara. Masallaci ma ya koma wani mai nisa, bas biyu, har sai da mutane suka gaji da tambayarsa launin motar.

Rana ta goma iska ta tsinke mini igiyar shanya, ƙusar ta riga ta nutse babu wurin ɗauri. Ina tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu sai na ji motsi a bayana. Malam ne da guduma, da ƙusa ɗaya a baki. Ya cire ta, bai dube ni ba.

“A ina kike so?”

Na nuna masa. Ya kafa, ya ɗaure igiyar, ya ja ya ji ta yi ƙarfi.

“Arba'in da biyu,” in ji shi. “Na faɗa da kaina, kada a tara mini jama'a.”

Na ce, “Ta karkace.”

Ya duba. Ta karkace ɗin kuwa.