Gayyar Baba Mutawakilu a Hanyar Bakin Rafi

Kowace Asabar da sassafe Baba Mutawakilu yakan turo baro daga bayan gidansa a unguwarmu ta Perry Barr, nan ƙasar Turawa. A ciki akwai shebur biyu da manjagara da fartanyar da ya taho da ita daga garinsu Bawku. Matarsa Alima na biye da shi da fulas ɗin shayi, 'yarsu Sherifatu na can baya tana hamma. Kwana biyar yana tuƙa bas, na shida kuma na lambun shaƙatawar unguwarmu ne. Shekara takwas ke nan.

Tagar ajin da nake koyarwa tana kallon lambun, don haka abin da zan faɗa na gani da idona.

Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ma'aikatan lambun suka ragu har ya zama Tomas kaɗai ya saura. Hanyar da ta ratsa lambun ta bakin rafi ta koma taɓo, ƙaya ta rufe gefenta. Sai aka manna sanarwa cewa in ba a gyara ta kafin ƙarshen Oktoba ba, za a rufe ta.

Wadda abin ya fi shafa ita ce Angelina, wata tsohuwa 'yar Jamaika. Mijinta Bartholomew yana gidan kula da tsofaffi a ɗaya ɓangaren lambun, kullum takan dogara keken tafiyarta ta kai masa miya. In aka rufe hanyar sai ta hau bas biyu, gwiwoyinta kuwa ba za su iya ba.

Tomas ya buga takardun neman masu sa kai, ya ajiye fom a laburare. Ranar aikin mutum uku suka zo, dukansu 'yan gida ɗaya: Baba Mutawakilu da matarsa da 'yarsu.

"Mista Muta, mutane sun daina damuwa," in ji Tomas.

"Wa ka kira?"

"Na manna takarda ko'ina."

"Takarda ba ta gaishe da kowa ba. A garinmu in kana son a taya ka aiki, ƙofar mutum kake zuwa, ka tambayi lafiyar iyalinsa, sannan ka ce masa kana da gayya kuma za a ci abinci."

Mako biyu yana tashi daga aiki yana bin gidaje. Ya je masallaci, ya tsaya a ƙofar coci ranar Lahadi, ya shiga shagon mai kayan miya, ya hau har ɗakunan 'yan Arewanmu da ke karatu a jami'a. Ana gobe gayya Alima ta tare shi a kicin.

"Baban Sherifatu, mutum nawa ka gayyato?"

"Ban ƙirga ba."

"To ni ma ban ƙirga shinkafar ba. In ta ƙare kai za su ci."

Gari ya waye da yayyafi, na ce a raina shi ke nan. Amma kafin ƙarfe tara ina ƙirga kawuna kamar yadda na saba a aji, na kai arba'in da ɗaya na bari, don wasu na ta shigowa. Ga masu rawani, ga matan coci, ga iyayen ɗalibaina. Baba Mutawakilu ya raba su rukuni rukuni kamar a gona, masu saran ƙaya a gaba, masu baron tsakuwa a baya. Shi kuma ya duƙa da fartanya yana yanka ƙananan magudanai a karkace zuwa rafi.

"Kada ku tare ruwan, ku ba shi inda zai bi," yake ta faɗa.

Jumare, mai karatun digiri na uku, ya zo da farin takalmi yana ta tsallake taɓo.

"Dokta, takalmin ka kawo yawo ko aiki ka zo?" in ji Alima.

"Hajiya, yanzu nake nazarin wurin."

"Ka yi nazarinsa da shebur."

Aka yi ta dariya, ya cire takalmin ya ari na roba. Da azahar aka buɗe tukwanen shinkafa da wake, har Tomas ya ƙara sau biyu yana share hawayen yaji. Asabar uku aka yi haka.

Ranar da jami'ar ƙaramar hukuma ta zo dubawa, Angelina ce ta shige gaba. Ta tura kekenta daga wannan ƙofa har waccan, mu duka muna biye a hankali, ƙafar keken ba ta maƙale ko sau ɗaya ba. Jami'ar ta cire sanarwar da hannunta. Bartholomew ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma in ban da ranakun ƙanƙara, babu ranar da miyarsa ba ta iso da ɗuminta ba.

Baba Mutawakilu, kai ne ka tsaya bayan an watse. Gayya ta Asabar uku ce, amma kai da iyalinka kuka ci gaba da yashe magudanan nan shekara bayan shekara, ba albashi, ba wanda ya sa ku. Yanzu da likita ya ce ka huta wa bayanka, ka miƙa wa Sherifatu makullin ɗakin kayan aiki, mun zo mu ce mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, kai da Hajiya Alima.

Mu kuma da muke bin hanyar nan kullum takalmanmu a bushe, Sherifatu ta ce ganye ya toshe magudanai huɗu. Asabar ɗin nan ƙarfe takwas, a ƙofar bakin rafi. Ni zan zo, kuma na riga na gaya wa iyayen 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya.