Baƙon Benin da Ya Kusa Raba Ni da Wan Matata

Ni ɗan Bagudo ne, sana'ata bandar kifi, karatun bokona kuma a firamare ya tsaya. Tun ina yaro nake da wasuwasi: in na rufe shago sai na dawo sau biyu ko uku na ja kwaɗon. Da masu saye daga birane suka yawaita, wata 'yar garinmu mai shagon kwamfuta a Birnin Kebbi ta yi mini shafi a intanet, da hotunan kifi da farashi. Ta ce akwai manhaja iri biyu ta lura da masu shiga shafin. Ɗaya a ƙarshen mako take faɗa maka yawan mutanen da suka leƙo da kifin da aka fi dubawa. Ɗayar kuwa kowane baƙo za ta nuna maka shi, da ƙasar da yake, da lokacin da ya shigo. Ta ce mai hali irin nawa ta farko ce daidai da shi. Na zaɓi ta biyu.

Ban yi wata da ita ba na lura da wani baƙo daga Jamhuriyar Benin. Duk ranar kasuwar Lolo, wadda nake ci a bakin iyakarmu da Benin, sai ya shigo tun hantsi, ya duba farashi, ya fita, ya dawo, har la'asar, kuma bai taɓa saye ba. In na dawo gida na buɗe manhajar na gan shi, abinci ma ba ya shiga. Mutum ɗaya na sani a wancan ƙetaren da ya san da shafina, wan matata, shi ma kifi yake sayarwa a kasuwar Lolo. Sai zuciyata ta ce shi ne ke leƙen farashina don ya janye mini masu saye. Na daina zama a rumfarsa, gaisuwa ma daga nesa. Da aka yi masa haihuwa na ce wa matata hanya ba kyau, ta haƙura da zuwa suna. Sai na gan ta tana mayar da kayan jaririn da ta tanada cikin akwati. Wannan ne ya fi damuna har yau.

Bayan suna da kwana uku sai ga shi da kansa a babur, da naman suna a ƙunshe. Ya zauna a zaure ya ce ba zai sha ruwan gidana ba sai na faɗa masa laifinsa. Na yi ta kame-kame, daga baya na faɗa. Bai yi fushi ba. Ya zaro wayarsa, 'yar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure ta da roba, ya ce in nuna masa ta inda ake shiga intanet a cikinta, shi ma yana so ya ga kifin nan nawa da ya fi zumunci tsada. Sannan ya tambaye ni wane layi nake kunnawa in ina Lolo. Na ce na Benin mana, kamar kowa, tunda namu ba ya kamawa sosai a bakin ruwa. Ya ce to sau nawa nake buɗe shafin a wuni don in tabbata ban rubuta farashi ba daidai ba?

Ranar kasuwa ta zagayo, muka zauna a rumfarsa. Ya ce kada in taɓa shafin sai azahar. Baƙon bai zo ba. Ana kiran salla na buɗe, nan take manhajar ta nuna baƙo ya shigo daga Benin. Wata biyu ke nan ina gadin kaina.

Na ce Yaya ya yafe mini, na ɗauki alhakinsa. Ya ce ya yafe, amma raguna biyu zan biya: ɗaya na suna, ɗaya na ɓarawon da ya kama mini. Matata ta fi wuyar roƙo, don ita ba ta yi dariya ba. Na kai ta da kaina ta yi mako guda a can. Mai shagon kwamfutar ma na kira ta, ta canza mini zuwa manhajar farko, ta kuma gyara yadda ba za a riƙa ƙirga shigata ba. Ba ta tuna mini cewa ta faɗa ba, Allah ya saka mata.

Ina gode wa Allah da ya ba ni surukin da ya tako ya tambaya, da ya biye mini da yanzu 'ya'yanmu ba sa gaisawa. 'Yan uwana masu sana'a, kafin a sa muku irin wannan manhaja ku tambayi abin da take iya sani da abin da ba ta iya sani. Tawa sunan ƙasa kawai ta nuna mini, ni na liƙa masa fuskar mutum. Ku kuma duba halinku, ku ɗauki wadda zuciyarku za ta iya ɗauka. Har yanzu ina jan kwaɗo sau uku, kuma duk ranar kasuwa in na doso rumfarsa, sai ya ce wa mutane su matsa, ga baƙon Benin ya iso.