Layar Tukunyar Wake

Wata Asabar ce da hantsi, a shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, filin makarantarmu ta Islamiyya a unguwar Nima ya cika maƙil domin Maulidi. An jera bencina, mata sun ci ado da atamfa, ni kuwa ina laɓe a bayan allo cikin farar riga. Shekarata tara, kuma ni aka zaɓa in karanta jawabin buɗe taro. Shekarar da ta gabata ma ni aka zaɓa, na fito na yi ƙiƙam kamar turmi, bakina ya ƙi buɗuwa, har aka janye ni ina kuka. Babana ya rantse in na sake kunyata shi a gaban jama'a karatu ya ƙare, sai in koma taya kakata Iya sayar da wake da shinkafa a bakin titin Mamobi.

Ni fa ba daƙiƙiya ba ce! A layin famfo wajen ɗibar ruwa babu mai bakina, in muna ampe, wasan tsalle da tafi, da 'yan matan gidanmu har maƙwabta sai sun tsawata mini. Amma da manya sun zuba mini ido sai wata murya a cikina ta ce, "Ke Rabi, a su wa? Yanzu za ki kwafsa a yi miki dariya." Iya ce kaɗai ta san da wannan murya. Ta je wajen malami ya rubuta mata layu biyu, baduku ya ɗinke su da jar fata, ɗaya ta dakewar zuciya domina, ɗaya ta farin jinin ciniki domin tukunyarta. Da safen nan ta rataya mini tawa a ƙarƙashin riga, ta ce in tsoro ya zo in damƙe ta in yi bisimilla.

Da aka kira sunana muryar nan ta taso. Na damƙe layar har farcena ya nutse a fatar, na yi bisimilla, sai ga magana tana zubowa! Wayyo daɗi! Na yi Larabcin, na yi Hausar, ko tuntuɓe babu. Mata suka rangaɗa guɗa, wasu 'yan kabilar Ga da suka leƙo kallo suna ta kiran "Ayiko!", sannu da aiki ke nan, aka yi ta rububin ɗaga ni sama. Na hango Babana a benci na biyu yana share ido da hannun riga.

Da la'asar ina zaune wajen Iya, ina ba ta labarin karo na uku, sai ga badukun ya zo sayen wake. Ya ƙura wa layar da ke ɗaure a kunnen tukunya ido, ya ce, "Iya, ai wannan mai farin zaren ta yarinya ce. Ta ciniki mai baƙin zare ce." Ashe idon Iya ya yi rauni, ta musanya su. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Shi ya sa aka yi mata rububi kamar wake mai zafi! Tukunyata kuwa tun safe ba ta ji tsoron kowa ba." Nan take na kama cire layar in amshi tawa. Iya ta riƙe mini hannu ta ce, "Bar ta. Bakin da ya yi karatun dai naki ne."

Babana bai ƙara zancen fitar da ni ba, har na zama malama. Yanzu shaguna sun cinye filin nan, Iya ta daɗe da rasuwa, yara kuma ba a rataya musu laya. In na ga wata ɗalibata tana tsoron fita gaban jama'a, sai in ba ta hannuna ta damƙe. Na san muryar da take ji.