Baitin da Mama ta tafi da shi

Mama tana da wata waƙar coci da ta taho da ita daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, ban taɓa ganin ta a wani littafi ba. Sau ɗaya take rera ta a shekara, da safiyar Ista, tana share tsakar gidan hayarmu na unguwar Treichville a Abidjan. Ni amshin kawai na iya, don Halleluya ce zalla. Baitoci ukun kuwa suna cikin kanta. A cocinmu komai da Faransanci ake yi, ba ni da wanda zan tambaya.

Shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, sai azuminmu na Kirista ya kama, wanda mutanen Abidjan ke kira karem. A cocinmu, daga ranar da aka shafa wa mutum toka a goshi, ba ya sake furta Halleluya sai Ista. Waƙoƙin tuba kawai ake rerawa, masu sanyaya jiki. Mama ta riƙe wannan hannu bibbiyu.

Gwanjo nake sayarwa lokacin a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé. Zama ya gagare ni. In kwance dila in ɗaure, mai saye yana taya riga ina kallon titi. Kafin la'asar na faɗa woro-woro, motar hayarmu, ga zafi ga cunkoso a kan gada, ina ta tsaki kamar direban ne ya ɗora wa Mama ciwon.

"Mama, ki koya mini waƙar nan."

"Wace waƙa?"

"Kin sani sarai."

"A cikin azumi? Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa? Bari Ista ta zo."

Ista! Likita ya riga ya ja ni gefe ya ce kada in sa rai da nisa. Ta yaya zan faɗa mata haka? Raina ya ɓaci, na ce, "To ki tsallake kalmar mana, ki ba ni baitocin kawai!"

"Ba a gutsura ta," in ji ta. "Ana ajiye ta ne don a ji kewarta. In na rera yau, da me zan tashi ran Ista?"

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi. Har limamin cocinmu na ɗauko, ya zauna a bakin gado ya ce mata Allah ba zai kama mara lafiya da wannan ba. Ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ka shafa mini tokar ba?" Bawan Allah ya yi addu'a ya kama gabansa.

Haka muka yi ta rera waƙoƙin tuba kullum da yamma, ita a kwance hankalinta kwance, ni ina cika ina batsewa. Tsoro nake ji, kuma haushinta nake ji. Wata rana na shigo da ruwan zafi, sai na ji ta rufe baki tana bin sautin waƙar a maƙogwaro, tun daga farko har ƙarshe.

"Mama, ba ita ba ce wannan?"

"Nishi nake yi," ta ce, ta juya wa bango fuska.

A makon Ista ta rasu, ba ta kai Lahadin ba.

Da safiyar Lahadin na ɗauki tsintsiyarta na fita tsakar gida. Na yi amshin, na tsaya. Na sake yi, na sake tsayawa. Sai ga Hajiya maƙwabciyarmu, Bakanuwa, wadda mijinta ke fiton kaya daga tashar jirgin ruwa, ta fito riƙe da buta.

"'Yata," ta ce, "ni ba zan rera ba, ba addinina ba ne. Amma shekara da shekaru ina jin ta daga ɗakina. Zauna."

Ta faɗa mini baiti na farko da na biyu da baki, a hankali, kamar mai isar da saƙo.

"Na ukun fa, Hajiya?"

"A nan takan shiga lungun baya da sharar. Muryar ba ta iso ni."

Har yau, duk safiyar Ista, in na kai na uku sai in rufe baki in bi sautin yadda Mama ta yi. 'Ya'yana sun ɗauka haka waƙar take. In mun iso wurin, su ma sai su rufe baki.